Wai da halinsa ake haihuwar mutum, kuma daga ina muka san cuta ba kyau?

Wani ƙanena ne ya turo min tambaya, ya ce: "Malam, abu ɗaya ke damuna. Na yi shekara biyu ina aikin hanya da wasu 'yan Sin, yawancinsu ba su bin wani addini, amma in suka ce maka gobe to goben ce, kuɗinka ba ya ciwon kai a hannunsu. Mu kuma ga mu nan sahu-sahu a masallaci amma ka ba mutum ajiya sai ka yi da gaske kafin ka karɓa. To wai sanin mai kyau da mummuna daga ina yake? Da shi ake haihuwar mutum ko koya masa ake yi? In babu addini hankali kaɗai zai gane?"

Toh ƙanena, da farko ka kwantar da hankalinka, tambayar nan ba alamar raunin imani ba ce, manyan malaman tauhidi sun fi shekara dubu suna kai ruwa rana a kanta, kuma ni kaina na daɗe ina koyar da ita a aji, duk shekara sai wani ɗalibi ya miƙe ya yi ta kusan da irin kalmominka.

Bari in fara da tsakar gida tukuna kafin mu je littattafai. Ka sa a ba yara biyu 'yan shekara uku zuwa huɗu tsokar nama a ce su raba. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga ma'anar adalci, amma ka kalli idon wanda aka ba ƙarami, nan take zai auna da ido ya fashe da kuka, "nasa ya fi nawa!" Wannan ɗaya kenan. Yanzu ka kalli wanda ya samu babban, shi ba zai ce uffan ba, sai ka ga ya mayar da hannu baya ya ɓoye, ko ya yi maza ya cusa a baki. To me ya sa ya ɓoye? Saboda shi ma ya san rabon bai yi daidai ba. Ka ga a yaro ɗaya ga ma'auni ga kuma son kai, tare suka zo, ba wanda ya riga wani. Iyayenmu mata kuma tun tuni suka gano maganin abin, su ce wanda ya raba shi zai ɗauka a ƙarshe. Wallahi ka tsaya ka ga yadda yaron nan zai yi ta jujjuya naman yana gutsurar nan yana ƙarawa can har sai ya ga sun zo ɗaya, don bai san wanne za a bar masa ba. Wani masanin falsafa a Amurka, John Rawls, a 1971 ya gina babban ra'ayinsa na adalci kacokan a kan irin wannan dabarar, wai a tsara dokokin al'umma kamar mai tsarawar bai san ko talaka zai kasance a cikinta ko attajiri ba. Duk lokacin da na zo koyar da shi da labarin naman nan nake farawa, kuma ɗalibai sun fi saurin ganewa.

Masu binciken halayyar yara sun gwada abin a ɗakin gwaji. A birnin Leipzig na Jamus, Warneken da Tomasello sun buga wani bincike a 2006 da yara 'yan wata 18, waɗanda ko magana ba su gama iyawa ba. Babban mutum zai yi kamar yana shanya, sai abin maƙale kayan ya suɓuce masa ya faɗi, ya riƙa miƙa hannu bai kai ba, sai ka ga yaro ya taso ya ɗauko ya miƙa masa, ba a ce ya yi ba kuma ba a ba shi ko alewa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne in mutumin da gangan ya jefar da abin, yaran ba su cika damuwa su ɗauko ba. Wato ba wasan ɗauko abu suke ba, sun gane wannan bawan Allah yana da buƙata ne. Akwai wani binciken da ya fi wannan suna, na jami'ar Yale a 2007, da aka ce jarirai 'yan wata 6 da 10 sun fi zaɓar ɗan tsanan da ya taimaki wani ya hau tudu a kan wanda ya turo shi ƙasa, za ka ga ana yawan yaɗa shi a intanet, amma ka yi hattara da shi, don daga baya ɗakunan bincike sama da 30 a ƙasashe daban-daban sun haɗu sun maimaita gwajin sai jariran suka rabu kusan biyu daidai, ba a ga fifikon ba. Shi ya sa ni ba na kafa hujja da shi. Ba sai mun ce jariri ɗan wata 6 alƙali ne ba kafin mu yarda akwai wani abu da aka shuka a cikinsa.

Sai kuma na manya. A 2019 wasu masana a Oxford ƙarƙashin Oliver Curry suka bi bayanan al'ummomi 60 na duniya, kuma Hausawa da Barebari suna cikin sittin ɗin, suna neman ko akwai halayen da kowa ya yarda masu kyau ne. Suka duba guda bakwai, taimakon dangi, taimakon jama'arka, rama alheri, jarumta, girmama na gaba, raba abu da adalci, da barin wa mutum abinsa. Kusan ba su samu inda ake ɗaukar ɗaya daga cikinsu a matsayin mugun abu ba. Inda aka bambanta shi ne wanne ke gaba in biyu suka yi karo, misali ɗan'uwanka ya yi sata, dangi za ka kare ko mai kaya.

Tunda 'yan Sin ka kawo, ai su ma sun yi wannan muhawarar tun sama da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai malaminsu Mensiyus da ya ce asalin mutum mai kyau ne, hujjarsa kuwa rijiya. Ya ce duk wanda ya hango yaro na rarrafe zai faɗa rijiya sai gabansa ya faɗi, ba don yana son iyayen yaron su gode masa ba, ba don unguwa ta yabe shi ba, abin ne kawai ke fizgarsa. Amma ka lura bai ce wannan faɗuwar gaban ita ce nagarta ba, tsiro ya kira ta, wanda in ba a ba shi ruwa ba bushewa zai yi. Bayansa wani malamin nasu, Shunzi, ya ce a'a, asalin mutum kwaɗayi ne da hassada, nagarta aiki ce da ake yi wa mutum kamar yadda ake gasa karkataccen itace a danne shi ya miƙe. In ka duba da kyau, ɗaya yaron da ya yi kuka yake kallo, ɗaya kuma yaron da ya cusa nama a baki, kuma dukkansu sun ƙare a wuri guda, cewa ba tarbiyya ba a zuwa ko'ina.

Mu a wajenmu abin a fili yake. Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya ce kowane abin haihuwa a kan fiɗira, wato tsarkakakkiyar ɗabi'ar asali, ake haifarsa, iyaye ne ke juya shi. Suratu Shamsi ta ce Allah ya kimsa wa rai fajircinta da taƙawarta, duka biyun, sannan ta ce wanda ya tsarkake ta ya rabauta. Suratu Yusuf kuma ta ce rai mai yawan umarni da mummuna ce. Babu cin karo a nan, hoton mutum ne cikakke. Kuma ba kowa ne aka ba daidai da kowa ba, akwai Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi da Manzon Allah (SAW) ya ce masa kana da halaye biyu da Allah ke so, haƙuri da natsuwa, a wata ruwayar ya tambaya ni na koye su ko an halicce ni da su ne, aka ce masa an halicce ka da su. Duk uwar da ta haifi 'ya'ya biyar ta san wannan, wani tun yana goye sanyi gare shi, wani kuma wuta, nono ɗaya suka sha.

Daga nan ne Bahaushe ya ce hali zanen dutse, kuma nan ne nake rabuwa da karin maganar, don mutane sun mayar da ita katanga suna fakewa, mutum ya zagi matarsa ya ce ai ni haka Allah ya yi ni. Bahaushen da ya faɗi haka shi ne dai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, in da hali ba ya motsi me zai sa a ji tsoron abokin banza? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu wannan ra'ayin raddi mai zafi a littafinsa Ihya, ya ce in da hali ba ya canzawa da wa'azi da wasiyya da horo duk aikin banza ne, ya ce ana horar da shaho da kare da doki su bar ɗabi'arsu balle ɗan Adam. Ya kawo misalin ƙwallon dabino, ya ce shi ba bishiyar dabino ba ne tukuna, amma an halicce shi yadda in an kula da shi zai zama dabino, kuma duk kular da za ka yi masa ba zai zama tuffa ba. Wannan shi ne abin da ni ma na tafi a kai. Mai zafin zuciya ba zai wayi gari ya zama mai sanyi ba, amma zafin nan ana iya juya shi ya zama na ƙin zalunci maimakon na marin yara.

Yanzu ɓangare na biyu na tambayarka, hankali kaɗai zai gane? Malaman tauhidi suna kiran mas'alar husnu da ƙubhu, kyau da muni. Mu'utazilawa, wata mazhabar tauhidi mai ba hankali muhimmanci sosai, irin su Alƙali Abdul Jabbar da ya rasu a 1025, suka ce zalunci mummuna ne a kan kansa, hankali na gane haka ko ba a aiko manzo ba, kuma za a kama mutum a kai. Ash'ariyya, mabiya Abul Hasan Al-Ash'ari, kuma su ne littattafansu irin Ummul Barahin suka fi yawo a zaurukanmu, suka ce a'a, mai kyau shi ne abin da shari'a ta yaba, mummuna abin da ta hana. Mutane da yawa suna yi musu mummunar fahimta a nan, suna zaton cewa suka yi mutum ba ya jin ƙyamar cuta sai an gaya masa. Ba haka suka ce ba, sun yarda hankali na gane cewa ilimi kamala ne jahilci tawaya, kuma yana gane abin da ya dace da ɗabi'a da wanda take gudu, inda suka tsaya shi ne lada da azaba, suka ce wannan kam sai wahayi, hujjarsu ayar Suratul Isra'i, ba mu kasance masu azabtarwa ba sai mun aiko manzo. Maturidiyya, mabiya Imam Maturidi, suka bi tsakiya, haka ma Ibnu Taimiyya da ya rasu a 1328 ya ce ayyuka suna da kyau da muni na gaske da hankali ke iya hangowa, amma azaba ba ta tabbata sai bayan saƙo ya iso. Girkawa ma sun yi irin tambayar, Aflatun ya sa ta a bakin Sukrat, shin abu ya zama mai kyau ne don abin bauta na son sa, ko yana son sa ne don mai kyau ne.

Ni dai maganar tsakiyar nan ta fi kwanta min, kuma dalilina daga tarihin Makka yake. Kafin annabci wani ɗan kasuwa daga Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo kaya Makka, Al-As bin Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa don ya ga baƙo ne ba shi da kowa. Mutumin ya ɗaga murya ya kai kuka, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi rantsuwa cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Hilful Fudul kenan. Masu bautar gumaka ne suka ƙulla shi, Manzon Allah (SAW) yana saurayi ya halarta, kuma bayan annabci ya ce da za a kira shi zuwa ga irinsa a Musulunci da ya amsa. Ka kuma duba yadda Alƙur'ani ya yi maganar 'yar da aka binne da rai, tambaya ya yi, da wane laifi aka kashe ta? Ba a yi wa mutum irin wannan tambayar sai in an san a cikinsa akwai abin da ya riga ya yarda cewa ba a kashe marar laifi. A jahiliyyar ma akwai irin su Zaidu bin Amr bin Nufail da yake karɓar 'ya'yan nan daga hannun iyayensu ya raine su. To ka ga abokan aikinka da suka riƙe amana ba wani abin mamaki suka yi ba, 'yan Adam ne, da fiɗirarsu, ga tarbiyyar gidansu, ga kuma kamfani mai dokar da in ka karya za ka gani a albashinka. Kuma kar ka ɗauka ƙasarsu ba macuta, a 2008 an zuba wani sinadari a madarar jarirai a can don a nuna kamar tana da gina jiki, jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka mutu.

Sauran tambayar da ta fi ciwo, in kowa ya sani me ya sa ake cutar? Akwai wani mai awo a kasuwar garinmu lokacin ina yaro, ana aikena wajensa sayen gero. Mudu biyu gare shi. Ɗaya lafiyayye yana kan buhu kowa na gani, ɗaya kuma an ɗan bubbuga gindinsa ya shigo ciki, wannan a ƙarƙashin tabarma yake. In mu 'yan unguwa muka zo da na sama yake auna mana har ya yi gyara, in 'yan ƙauye suka shigo ranar kasuwa ko wata baƙuwa da bai san mijinta ba, sai hannu ya zarce ƙarƙashin tabarma yana jan ta da hira. Mutumin nan ba ya rasa jam'i, kuma in yaron maƙwabci ya yi rashin lafiya shi ne na farko a asibiti, ba munafunci yake ba, tausayin nasa na gaske ne. Ilimi ma bai rasa ba, ya san Wailul lil muɗaffifina, ayar da ta yi wa masu tauye mudu narkon azaba, ɓoyewar da yake yi ita ce shaidar ya sani. Abin da ya same shi shi ne mutanen da ya lissafa a matsayin mutane ba su wuce layinsu ba.

Wannan a ganina shi ne zuciyar al'amarin gaba ɗaya. Tausayi da jin adalci da kunya da muka zo da su gajeru ne, sun fi kama wanda muke gani, mai kama da mu, mai jin yarenmu. Mensiyus ɗin nan yana da labari da wani sarki na Chi, wata masarauta a ƙasar Sin ta da, da ya ga ana jan bijimi za a yanka yana karkarwa, ya ce a sake shi a kawo tunkiya a madadinsa. Mensiyus ya ce masa bijimin ka gan shi, tunkiyar ba ka gan ta ba, to ga tausayinka ya kai kan dabba amma bai kai kan talakawanka ba, ɗauki wannan zuciyar ka kai ta can. Aikin hankali kenan a wannan fagen, ba shi ke ƙirƙiro tausayi ba, shi ke cewa in ciwo ne a jikin ɗanka to ciwo ne a jikin ɗan baƙuwar nan, me ya raba su? Kuma hankalin nan in ba a sa masa ido ba lauyan son rai yake komawa, shi zai kawo maka hujja cewa ai kowa na yi, ai su ma 'yan ƙauyen suna zuba tsakuwa a hatsi, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani.

Jama'a ma tana iya kashe abin ko ta juya shi. Mutanen da za su ruga su ɗaga ɗan acaɓa in ya faɗi, har wani ya yage rigarsa ya ɗaure masa ciwo, su ne dai in aka yi ihun ɓarawo za ka ga sun ɗauko dutse ba wanda ya tambayi me ya sata, wa ya gani, kuma kowannensu a lokacin ji yake adalci yake yi. Wannan abin yana ci min rai sosai, don fushin ƙin zalunci ne aka sake shi ba linzami. Stanley Milgram ya gwada wani gefen abin a Amurka, ya buga a 1963, talakawan gari aka ce su riƙa danna wa wani mutum wutar lantarki in ya ba da amsa ba daidai ba, wutar ta ƙarya ce amma su ba su sani ba, mutum 26 cikin 40 suka kai har makunnin ƙarshe da ya wuce inda aka rubuta haɗari, don kawai wani mai rigar ɗakin bincike yana cewa ci gaba. Da yawansu gumi suke suna rawar jiki suna dannawa, zuciyar na cewa bari, hannun na bin umarni.

To a nan ne addini ke shigowa, kuma abin da yake kawowa ba ƙarami ba ne. Yana faɗaɗa da'irar da ƙarfi, ya sa maraya da matafiyi da maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba a cikin lissafi, har ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Yana sa maka mai gani a inda ba kowa, ƙarƙashin tabarma kenan. Yana yanke hukunci a wuraren da hankula suka rabu, irin gado da aure da riba. Amma yana yin aikin ne ga wanda ya bari ya shiga cikinsa, shi ya sa aka ba Manzon Allah (SAW) labarin mace mai yawan salla da azumi amma tana cutar maƙwabta da harshenta ya ce tana wuta, shi ya sa kuma ya kira wanda zai zo da salla da azumi da zakka alhali ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan da suna matsiyaci. Sahun da kake gani a masallaci ba shi ne ma'aunin ba tun asali.

Za ka ji ana kawo hadisin nan na cikin Arba'una, cewa zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a rai kuma ka ƙi mutane su gani. Gaskiya ne, amma ma'aunin yana aiki ne muddin zuciyar ba ta yi tsatsa ba, kuma tana yi, har ta kai ana gadon tsatsar. Bayan shekaru na koma kasuwar nan tamu, mai awon ya rasu Allah ya jiƙansa, ɗansa ne a rumfar. Mudun biyu suna nan, amma yanzu duka a kan buhu suke gefe da gefe. Na nuna bubbugaggen na ce wannan fa, ya dube ni ko a jikinsa ya ce, "Ai Malam wannan na 'yan waje ne, kasuwa ce."